TAKOBIN MAƘERIN FILIFIN DA TAKOBIN BAYAJIDDA: INA 'YAN FIM ƊINMU?

Daga Wakilinmu a Daura

WANI dare ne a nan Daura, bayan sallar isha'i, muna zaune da abokai a shagon wani mai tura finafinai a waya, sai ya saka mana wani fim ɗin ƙasar Filifin mai suna Ang Panday. Ba mu jin yarensu, amma wallahi babu wanda ya motsa har aka gama. Da jarumin ya ɗaga 'yar wuƙarsa sama ta rikiɗe ta zama zabgegen takobi, sai wani yaro da ke leƙe ta taga ya ce ai wannan Bayajidda ne. Kowa ya yi dariya. Ni kuwa maganar ta tsaya mani a rai, domin daga shagon zuwa rijiyar Kusugu tafiyar ƙafa ce kawai.

WANE NE PANDAY?

A yarensu na Tagalog, Panday na nufin maƙeri. Sunan jarumin Flavio, talaka ne mai zaman maƙera. Wani dutse ya faɗo daga sama, ya ɗauki ƙarfensa ya ƙera wuƙa, wadda ke komawa takobi idan faɗa ya tashi. Bos ɗin fim ɗin shi ne Lizardo, mugun matsafi da ya addabi jama'a.

Labarin ya faro ne daga littafin zane na Carlo J. Caparas. A 1980 babban jaruminsu Fernando Poe Jr. ya maida shi fim, ya kuma ƙara wasu uku a 1981, 1982 da 1984. Farin jinin mutumin nan ya kai har ya tsaya takarar shugaban ƙasa a 2004, shekarar da ya rasu. Wanda muka kalla kuwa na 2009 ne, Mac Alejandre ya ba da umarni, Bong Revilla ya fito a Flavio, Phillip Salvador ya fito a Lizardo. An cika shi da siddabarun kwamfuta, ya kuma lashe kyautar fim mafi kyau a bikin finafinai na Manila na wannan shekarar. An yi na biyu a 2011, sannan a 2017 Coco Martin ya sake shi, ya kawo labarin cikin birni na zamani.

Ka lissafa, mai karatu. Shekara talatin da bakwai suna juya labari ɗaya, uba ya kalla, ɗa ya kalla, kuma kasuwa ba ta mutu ba. Akwai dalili. Bikin nan na Manila, wanda aka fara a 1975, yana buɗewa ne ranar Kirsimeti, kuma a kwanakinsa finafinan gida ake bai wa gidajen sinima. Wato lokacin da kowa ke da kuɗin kashewa, nasu suke kallo.

NAMU YA FI NASU NAMA

Yanzu dawo gida. Kamar yadda aka gada a baki, Bayajidda ɗan sarki ne daga Bagadaza. Ya sauka Borno ya auri 'yar sarki, aka ƙulla masa makirci aka raba shi da dakarunsa, ya gudu da matarsa mai ciki ya bar ta a Garun Gabas. A Gaya maƙera suka ƙera masa makami. Ka ga maƙeri ya shigo ke nan, kamar dai a fim ɗin Filifin. Ya iso Daura da dare, ya sauka gidan wata tsohuwa Ayana, ya nemi ruwa ta ce babu, domin macijin da ke rijiya, wanda ake kira Sarki, ba ya bari a ɗiba sai ranar Juma'a. Baƙo ya karɓi guga ya tafi Kusugu, maciji ya fito, ya fille masa kai. Gari ya waye, masu ƙaryar su suka kashe suka yi ta fitowa, amma kan macijin na hannun baƙo. Ya auri Sarauniya Daurama, aka haifi Bawo, daga nan aka samu Hausa Bakwai: Daura, Kano, Katsina, Zazzau, Gobir, Rano da Biram.

Don Allah me furodusa ke nema da babu a nan? Ga gudun hijira, ga cin amana, ga dodo, ga soyayya, ga kishi tsakanin Daurama da Bagwariya uwar Karɓagari, har ga wurin barkwanci a sin ɗin maƙaryata. Kuma Flavio ƙirƙira ce ta marubuci. Mu kuwa rijiyar tana nan an gina mata ɗaki, baƙi na zuwa suna shan ruwanta, kuma mutanen gari za su faɗa maka takobin yana ajiye a fadar Mai Martaba Sarkin Daura. Duk wanda ya taɓa ganin hawan Sallar Gani ya san ba a rasa dawaki da lifidi da 'yan sulke ba.

TO, MENE NE CIKAS?

Na farko kuɗi. Fim ɗin falo da waƙa uku a gidan gona, sati biyu an gama shutin. Fim ɗin tarihi kuwa sai ka ciyar da doki, ka ɗinka kaya ɗaruruwa, ka kuma ɓoye falwayar lantarki da kwanon rufi. Sannan macijin. In aka yi shi da ƙaramar kwamfuta ya fito kamar igiyar shanya, 'yan kallo za su mayar da fim ɗin abin dariya, kuma an zubar da mutuncin labarin ke nan.

Na biyu tsoro. Wannan labarin kakannin sarakuna ne, dole a je fada a nemi izini da shawara. Ga maganar Banza Bakwai, wadda in ba a yi hattara ba za ta ɓata wa maƙwabta rai. Ga masana tarihi da ke ganin labarin hikaya ce da ke nuna yadda mulki ya tashi daga hannun sarauniyoyi ya koma na maza. Marubucin da zai taɓa shi sai ya yi karatu, ba wai ya kwafo fim ɗin Indiya ya canza suna ba.

Amma fa an sha gwadawa an ga haske. Kamfanin Sarauniya ya yi Daskin Da Riɗi daga tatsuniya, jama'a suka karɓa. A 2024 kuma Prince Daniel, wanda aka fi sani da Aboki, ya fitar da Mai Martaba, da Adam A. Zango a ciki. A nan Daura aka ɗauke shi, kuma shi Nijeriya ta tura gasar Oscar. Bai kai zagayen ƙarshe ba, amma ya nuna cewa lokeshin na nan, ma'aikata na nan. Sai dai masarautar da ke cikinsa, Jallaba, ƙagaggiya ce. An zo har bakin rijiya an yi fim ɗin wata masarauta daban!

IN BA MU YI BA

Mu tuna da Amina na Izu Ojukwu, wanda ya fito a Netflix a 2021. Ali Nuhu na ciki, an kashe kuɗi, amma da Turanci aka yi shi, kuma Hausawa da dama sun yi ƙorafin cewa ba su ga Zazzau ɗin da suka sani ba. Ƙorafi bayan an gama, ihu ne bayan hari. Wanda ya zuba kuɗinsa shi ke da labari.

Saboda haka ga ƙalubale ga furodusoshin Kano da Kaduna da Katsina, da masu kuɗin Daura, da Hukumar Finafinai ta Ƙasa da aka naɗa Ali Nuhu shugabanta a 2024. A nemo marubuci, a zauna da fada, a ba matasanmu masu aikin kwamfuta lokaci su ƙera macijin da zai firgita mutum, a kuma saki fim ɗin ranar Sallah. Yaron nan da ke leƙe ta taga ya riga ya san sunan jarumin. Fuskarsa kawai yake jira ya gani.