Gida Biyu Maganin Gobara, Amma Fa Da Haraji

Hausawa na cewa gida biyu maganin gobara. To, amma a wasu manyan biranen duniya, gidan da aka garƙame aka bari ba kowa a ciki shekara da shekaru ya zama abin da ke jawo wa mai shi ƙarin haraji. Hujjar hukumomi ita ce kango a tsakiyar unguwa ba mai shi kaɗai ya shafa ba. Yakan zama maɓoyar ɓata-gari, ya karya darajar gidajen maƙwabta, alhali kuwa ga dubban iyalai na neman wurin da za su sa haƙarƙarinsu.

A Ingila, tun daga shekarar 2013 aka ba ƙananan hukumomi ikon ƙara rabin harajin gida a kan duk gidan da ya shekara biyu babu mazauni. A 2019 aka yarda a ninka harajin, daga 2021 kuwa gidan da ya yi shekara goma a rufe yana iya biyan ninki huɗu na abin da maƙwabcinsa ke biya. A 2024 aka rage wa'adin farko zuwa shekara guda. Birnin Vancouver na Kanada ya fara nasa a 2017, inda yake karɓar kashi 1 cikin 100 na ƙimar gidan, daga baya ya ɗaga zuwa kashi 3. A birnin Washington, a shekarar 2024, gidan da ke da mazauna yana biyan santi 85 a kan kowace dala 100 ta ƙimarsa, wanda aka bari a rufe dala 5, wanda ya zama kango dala 10.

Birnin Greensboro, a jihar Karolina ta Arewa, ya nuna cewa al'amarin ba ya tafiya haka a ko'ina. Birni ne mai mutane kusan 300,000 bisa ƙidayar 2020, wanda masaƙu suka raya shi a da. Babbar masaƙarsa ta White Oak ta rufe a 2017, kuma a watan Afrilu na 2018 wata guguwa ta yi wa unguwannin gabashin birnin ɓarna, inda galibi baƙar fata ke zaune. Duk da haka majalisar birnin ba ta da ikon ɗora wa gidajen da aka rufe haraji na dabam. Tsarin mulkin jihar ya tanadi cewa majalisar dokokin jiha kaɗai ke iya rarraba dukiya aji-aji domin haraji, kuma dole ƙa'idar ta zama ɗaya a duk faɗin jihar. Saboda haka gida mai mutane da gidan da gizo-gizo ya yi wa saƙa, muddin ƙimarsu ɗaya, harajinsu ɗaya ne.

Sai birnin ya bi ta wata hanya. Masu duba-gari sukan binciki gidan da ya lalace, a umarci mai shi ya gyara ko ya rushe. In ya ƙi, hukuma na iya yin aikin, kuɗin ya zama bashi a kan filin. Wata dokar jiha ta 2018 ta ƙara ba birane damar roƙon kotu ta naɗa wakili da zai gyara irin wannan gida ko ya sayar da shi.

Masu adawa da ƙarin harajin suna da abin faɗa. Ba kowane gida a rufe ne na attajiri mai jiran farashi ya tashi ba. Wani gidan gado ne da magada suka kasa rabawa, wani kuma mai shi tsoho ne da ke jinya, ko talaka da ba shi da kuɗin gyaran rufi. Ƙara wa irin wannan haraji yana iya sa a ƙwace gidan bisa bashi, ya faɗa hannun mai kuɗi. Shi ya sa dokar Ingila ta keɓe gidajen da ake jiran rabon gadonsu na wani lokaci.

Wanda ya ga manyan gidajen da ke rufe a Maitama da Asokoro a Abuja, yayin da ma'aikata ke kwana a Nyanya da Mararaba saboda tsadar haya, ya san tambayar ba ta Turawa kaɗai ba ce. Wuyar aikin ita ce bambance mai ɓoye gida da wanda gida ya fi ƙarfinsa.