Dashen Itace a Cikin Kwalba

Manomi a Shanga ko Ngaski ya san halin kaɗanya: takan yi shekara 15 zuwa 20 kafin ta fara 'ya'ya, ƙwallonta kuma ba ya jure ajiya. Gatarin masu gawayi kuwa cikin yini guda yake kayar da ita. Shin akwai hanyar yawaita itace nagari ba tare da jiran iri ba?

A 1902 Gottlieb Haberlandt, masanin tsirrai na Ostiriya, ya kawo ra'ayin cewa ƙwayar halittar tsiro guda tana iya zama cikakken tsiro. A 1962 Murashige da Skoog suka haɗa abincin da ake renon tsirrai da shi a kwalba har yau.

Ga yadda ake yi. Akan yanko ɗan toho ko ɗan tayin da ke cikin iri, a wanke shi da ruwan bilic don kashe ƙwayoyin cuta. Sai a ɗora shi a kan abinci mai daskarewa, wanda ya ƙunshi sukari da gishirin ma'adinai, wanda aka riga aka dafa a tukunyar matsi a zafin digiri 121. Sinadarin saitokinin yakan sa toho, oksin kuma yakan sa saiwa. Funfuna kaɗan ta shiga, aiki ya lalace.

Itatuwan fain, masu ganye kamar allura, sun daɗe suna gagarar masana. Sai a 1975 aka sami cikakken dashensu ta wannan hanya a Amurka. A 1985 kuma, a Suwidin, Hakman da von Arnold suka samar da 'yan tayi daga ƙwayoyin wani ɗan uwan fain. Ana iya adana irin waɗannan ƙwayoyi shekaru a ruwan naitirojin, a sanyin digiri 196 ƙasa da sifiri.

A Nijeriya an dasa fain na yankin Karibiyan a Afaka kusa da Kaduna da kuma tsaunukan Jos, domin dogon zarensa ya dace da yin takarda. Zafin Yauri da tsawon raninta ba su dace da shi ba, amma dabarar tana iya yi wa kaɗanya da maɗaci da ɗorawa amfani.

Sai dai a kula: dashe dubu daga uwa ɗaya halinsu ɗaya, cuta guda tana iya gamawa da su. Don haka wajibi ne a zaɓi iyaye da yawa, iyayen nan kuwa suna gonakinmu. Malamai su sa ɗalibai su tambayi mata masu man kaɗe wace kaɗanya ce ta fi 'ya'ya da mai, su rubuta inda take, a roƙi mai gona ya kare ta. Idan aka sare uwar, kwalba ba ta da abin renowa.