Jirgin Shaƙatawa da Jirgin Fito: Wa Ke Ƙirga Fasinja?

Minna ba garin bakin kogi ba ne. Mutumin Barkin Sale zai iya shekara bai ga ruwan da ya wuce na Chanchaga ko dam ɗin Tagwai ba. Amma kifin bandar da ake tallarsa a unguwa da yamma, da wani kaso na shinkafa da doyar da ke shigowa kasuwa, sai da suka tsallake ruwa kafin su hau mota. Jiharmu ta Neja ce ke da Kainji da Shiroro da Zungeru, ga Jebba a kan iyaka, ga kogin Kwara da na Kaduna sun ratsa ta. Saboda haka duk wanda ke cin abinci a garin nan yana da ruwa da tsaki a maganar jirgin ruwa, ko da bai taɓa taka shi ba.

Kwanakin nan samari na yawan nuna wa juna hotunan waɗansu manyan jirage a waya, irin waɗanda masu hali ke shiga don yawon shaƙatawa a teku. Wanda aka fi yayatawa shi ne Icon of the Seas na kamfanin Royal Caribbean, wanda ya fara jigila daga Miyami a Amurka cikin Janairun 2024. Tsawonsa ya kai mita 365, hawa 20 gare shi, yana iya ɗaukar fasinja 7,600 ban da ma'aikata fiye da 2,000. A cikinsa akwai ɗakunan kwana, gidajen abinci, wuraren ninƙaya, asibiti da kantuna. Waɗanda suka mayar da irin wannan tafiya al'ada, har suna yin ta shekara-shekara, abin da suka fi yabawa shi ne sauƙi. Sau ɗaya mutum zai kwance jakarsa, ya kwanta a wata ƙasa ya farka a wata, babu neman masauki, babu cinikin mota. Tsofaffi da masu ciwon ƙafa sun fi kowa son haka, kuma ina ganin gaskiyarsu.

Su ma suna da ƙorafi. Kuɗin da aka rubuta a tikiti ba shi ne ƙarshen biya ba, don intanet da abin sha da zagayen gari duk da nasu lissafin. Jirgi kan tsaya a birni sa'o'i kaɗan, mutum ya ɗauki hoto ya dawo da gudu bai san garin ba. Ga cunkoso, ga cuta da ke saurin yaɗuwa idan dubban mutane sun haɗa rufi ɗaya. A Fabrairun 2020 an killace Diamond Princess a Yokohama ta Japan, mutum sama da 700 cikin wajen 3,700 suka kamu da korona. Garuruwan da ake sauka ma sun fara gajiya, har Italiya ta hana manyan jiragen nan ratsa tsakiyar Benis tun Agustan 2021. Ga Musulmi kuma akwai matsalar giya da caca da suka cika yawancinsu, Saudiyya kuwa ta fito da nata, Aroya, wanda ya fara tashi daga Jidda a Disambar 2024.

Namu jirgin kuwa na katako ne, da inji a baya. Wanda ya taɓa tsayawa a bakin ruwan Zumba da ke Shiroro ranar kasuwa ya san yadda lodi yake. Buhuna ake fara jerawa a ƙasa, sai a kwantar da babur ɗaya ko biyu a kansu, a ɗaure awaki a gefe, sannan mutane su zauna a kan kayan, mata da goyo a tsakiya. Kafin a tashi, jikin jirgin ya nutse har mai zama a gefe yana iya tsoma yatsunsa a ruwa ba tare da ya sunkuya ba. Akwai yaro guda da aikinsa kawai shi ne kwalfe ruwan da ke tsattsafowa ta tsakanin katako, da yankakkiyar jarka a hannu. In wani ya zo a guje da kaya a ka, sai a matsa masa, domin ɗan'uwa ne, kuma in wannan ya tafi ba a san lokacin da wani zai zo ba.

'Yan kasuwar da ke shiga wannan jirgi kowane mako ba sa zancen daɗi ko rashinsa. Zancensu shi ne ruwa ya fi kusa, ya fi araha, kuma a wuraren da hanya ta lalace ko 'yan bindiga suka tare ta, ruwan ya fi kwanciyar hankali. Sun san wane matuƙi ne mai nutsuwa, wane ne mai garaje, sun san wanda injinsa ke mutuwa a tsakiyar ruwa. Ta fuskar amfani, ban ga yadda za a haɗa su ba. In aka dakatar da duk jiragen shaƙatawa na duniya, kamar yadda aka yi a 2020, kamfanoni za su yi asara, ma'aikata su rasa albashi, fasinja kuwa hutu kawai ya rasa. In aka dakatar da jiragen fito na Katcha da Malale da Zumba na wata guda, ƙauyuka za su yanke daga asibiti da kasuwa da gona, kuma farashin kifi a Barkin Sale zai ba da labari.

Duk da haka akwai abu guda da jirgin masu hutu ya fi namu nesa ba kusa ba, kuma ba kujera mai laushi nake nufi ba. Sun san ko mutum nawa suka ɗauka. Kowane fasinja yana da kati, ana duba shi idan ya shiga, ana duba shi idan ya sauka. Kafin jirgi ya bar tasha, ko da zarar ya ɗaga, dole a nuna wa kowa inda zai taru idan wani abu ya faru, da yadda ake ɗaura rigar kariya, a kuma busa masa ƙarar gargaɗi, gajeru 7 da doguwa 1, don ya gane ta. Tsofaffin fasinjoji na gunaguni cewa sun gaji da maimaita wannan darasi, amma ba a ɗaga wa kowa ƙafa.

Wannan tsari da gawarwaki aka saye shi. Titanic ya nutse a Afrilun 1912 da kwalekwalen ceto 20 kacal, mutum sama da 1,500 suka halaka, sai ƙasashe suka zauna suka yi yarjejeniyar kare rayuka a teku a 1914. Shekara 100 bayan Titanic, a ranar 13 ga Janairun 2012, Costa Concordia ya bugi dutse a gefen tsibirin Giglio na Italiya ɗauke da mutum fiye da 4,200. Mutum 32 suka mutu, an san kowannensu da suna, kuma ba a daina neman na ƙarshe ba, wani ma'aikaci ɗan Indiya, sai da aka gano gawarsa a 2014. Kyaftin ɗin, Francesco Schettino, an yanke masa ɗaurin shekara 16. Bayan haɗarin ne aka tsaurara dokar horar da fasinja tun kafin a yi nisa.

Mu duba namu. A Mayun 2021 jirgi ya taso daga Lokon Minna a jiharmu zuwa Wara ta Kebbi da mutum sama da 150, ya tsage a hanya, waɗanda suka tsira 'yan kaɗan ne. A Yunin 2023 masu dawowa daga biki a wani ƙauyen Neja suka kife a yankin Patigi, sama da 100 suka rasu. A farkon Oktoban 2024 masu tafiyar Mauludi a yankin Gbajibo, yawancinsu mata da yara, suka nutse da dare. A duk waɗannan, hukuma ta faɗi adadi, mutanen gari su faɗi wani, jarida ta kawo na uku, saboda babu wanda ya rubuta sunan kowa a bakin ruwa. Masu ninƙaya su yi kwana biyu ko uku suna tsamo gawa, sannan a tsaya ba tare da an tabbatar ko saura nawa ba. Akwai gidajen da har yau ba su ga gawa ba, kuma babu takardar da ta nuna ɗansu ya shiga jirgin. Wannan ne ya fi ci mini rai a cikin lamarin gaba ɗaya.

Dalilan haɗarin kowa ya san su. Lodi ya wuce ƙima, katako ya tsufa, ana tafiyar dare babu fitila. A tafkin Kainji kuma, tun da aka kammala dam ɗin a 1968 ruwa ya shanye dazuzzuka, kututturan suna nan a ƙasa suna fasa cikin jirgi. Doka ma akwai ta. Hukumar NIWA mai hedikwata a Lakwaja ta hana tafiyar dare, ta wajabta rigar kariya, kuma hukumar HYPPADEC da ke nan Minna ta raba riguna a garuruwan bakin ruwa. Sai dai rigar da ke rataye a rumfa ba ta ceton kowa. Wasu fasinjoji na cewa zafi gare ta, wasu na ganin sa ta tamkar kiran masifa ne, wasu su ce kwana in ya ƙare ya ƙare. Gaskiya ne ajali ba ya jinkiri, amma addininmu bai taɓa raba tawakkali da riƙo da sababi ba, kuma jaririn da ke bayan uwarsa ba a tambaye shi ra'ayinsa ba.

Ba na fatan a kawo mana jirgi mai hawa 20 a Kainji, ruwan ma ba zai ɗauke shi ba. Abin da nake so mu ara daga can bai fi ƙarfin kowace kwata ba: littafi da biro a hannun wakilin Sarkin Ruwa, a rubuta sunan duk mai shiga da garinsu, a ja layin fenti a jikin jirgi wanda in ruwa ya taɓa shi an rufe lodi, kuma kada a tayar da inji sai kowa ya ɗaura riga. Gwamnatin jiha ta sa kuɗi a cire kututturan da ke kan hanyoyin da aka fi bi, ta kuma taimaka wa masu fito su sauya tsofaffin jirage. Malamai su faɗi maganar rigar nan a kan mumbari. Kai kuma ɗan'uwa, in ka je bakin ruwa ka ga jirgi ya cika, ko ka ga rana ta faɗi, ka haƙura ka kwana, kuma kada ka bar matarka da 'ya'yanka su shiga babu riga a jikinsu.