Kusurwar Faransanci: Yadda Ake Kore Jimla da Ne da Pas

A wannan fitowar mun kawo muku abin da ke yawan zuwa a jarrabawar Faransanci, wato korewa. Za ka ga an rubuta "Mettez à la forme négative", ma'ana ka kore jimlolin da aka ba ka. Makin wannan tambaya ba shi da wuyar samu, ba shi kuma da wuyar zubarwa.

Mu Hausawa muna da sa'a a nan. Idan za mu kore "zan tafi", sai mu ce "ba zan tafi ba", da "ba" guda biyu. Faransanci ma kalmomi biyu yake amfani da su: ne da pas. Ne tana zuwa kafin aikatau, pas tana biyo bayansa.

Je parle. (Ina magana.)
Je ne parle pas. (Ba na magana.)

Ku lura, Hausar wannan misali "ba" ɗaya ta ishe ta, amma a rubutun Faransanci sai an sa duka biyun. Malaminmu ya ce asalin ma'anar pas ita ce taku. Mutanen da can suna cewa ba su tafi ko taku ɗaya ba, daga baya kalmar ta zama ta korewa gaba ɗaya.

Akwai kuma inda harsunan biyu suka rabu. A Hausa "ba" ta biyu takan tafi can ƙarshen jimla, kamar "ban ga Malam a aji ba". Pas kuwa ba ta yin nisa da aikatau. Saboda haka Je ne parle pas français shi ne daidai. Wanda ya rubuta Je ne parle français pas, tsarin Hausa ya bi, kuma jan biro zai hau kansa.

Ga ƙa'idoji huɗu da ya kamata mu riƙe.

Ta farko: idan aikatau ya fara da wasali, ko da harafin h da ba a furtawa, ne tana komawa n'. J'aime le riz (ina son shinkafa) zai zama Je n'aime pas le riz. Haka ma Il n'habite pas à Kano (ba a Kano yake zaune ba). Duba yadda j' ta koma je, tunda yanzu ba wasali ke binta ba.

Ta biyu: idan aikatau biyu suka jeru, na farkon ake sawa a tsakiya. J'ai mangé (na ci abinci) zai zama Je n'ai pas mangé. Je vais partir (zan tafi) zai zama Je ne vais pas partir.

Ta uku ita ce ke kayar da mutane da yawa. Bayan korewa, un, une, des, du da de la duk suna komawa de, ko d' a gaban wasali. J'ai un stylo (ina da biro) zai zama Je n'ai pas de stylo. J'ai de l'argent zai zama Je n'ai pas d'argent (ba ni da kuɗi). Amma idan aikatau ɗin être ne, ba a canja komai: Ce n'est pas un stylo (wannan ba biro ba ne).

Ta huɗu: pas tana da 'yan uwa da ke zama a gurbinta. Jamais na nufin ko sau ɗaya, plus na nufin an daina, rien na nufin ba komai, personne kuma ba kowa.

Je ne mens jamais. (Ba na ƙarya ko kaɗan.)
Il ne pleut plus. (Ruwa ya ɗauke.)
Je ne vois rien. (Ba na ganin komai.)
Je ne vois personne. (Ba na ganin kowa.)

A irin waɗannan jimloli, idan ɗaya daga cikinsu ta shigo, pas fita take yi.

Masu zuwa Maraɗi ko Damagaram hutu za su ce sun ji ana cewa Je sais pas, babu ne. Gaskiya ne, a hira ana yawan yar da ita, har a Faransa kanta. Amma hira daban, takardar jarrabawa daban.

Amfanin wannan darasi bai tsaya a maki ba. Nijar, Benin, Chadi da Kamaru duk maƙwabtanmu ne, kuma ana amfani da Faransanci a cikinsu. Wanda ya iya cewa Je ne comprends pas (ban gane ba) ba zai amsa abin da bai fahimta ba don kunya.

Ga aikin wannan mako. A kore waɗannan jimloli:
1. Elle a une gomme.
2. Nous avons fini.
3. C'est un livre.

A miƙa amsa ga wakilin ƙungiyar 'yan jarida na ajinku kafin ranar Alhamis. Za mu liƙa amsoshin da sunayen waɗanda suka ci duka ukun a fitowa ta gaba. Allah ya ba mu sa'a.

Daga wakilan aji biyu na ƙaramar sakandare