Kirista, Bindiga da Majami'a: Nazari a Kan Tsaron Masu Ibada a Arewacin Zamfara

Gabatarwa

A wannan takarda za mu yi ƙoƙarin duba wata tambaya da rashin tsaro ya jefo wa Kiristocin ƙasarmu, watau ko ya halatta mai bi ya ɓoye bindiga a jikinsa ya shiga majami'a don kare kansa da 'yan'uwansa. Za mu ɗauki misali daga yankin Ƙaura Namoda, Shinkafi, Jangeru da Zurmi, inda Kiristoci 'yan tsiraru ne, waɗanda kasuwanci da aikin gwamnati da jirgin ƙasa, wanda ya iso Ƙaura a 1929, suka kawo da yawansu.

Asalin Tambayar

Wanda ya san tarihin shekarun nan ba zai yi mamakin tambayar ba. An kai harin bom a majami'ar Katolika ta Madalla ranar Kirsimeti ta 2011, an harbe masu ibada a Jami'ar Bayero ta Kano a 2012, sa'an nan a watan Yuni na 2022 aka kashe kimanin mutum 40 a majami'ar Owo. A cikin watan nan na Yuni gwamnatin Zamfara ta umarci jama'a su nemi lasisin bindiga don kare kai daga 'yan bindigar daji, amma Babban Hafsan Tsaro na lokacin, Janar Irabor, ya ce gwamna ba shi da wannan iko. Lalle mutumin da ke barci da kunne ɗaya a buɗe a Shinkafi ya ji maganganun biyu, kuma dole ya zaɓi ɗaya.

Abin da Nassi da Malamai Suka Nuna

Masu hani sukan kafa hujja da Matta sura 5, inda aka hana ramuwar mugunta, da kuma sura 26, inda Almasihu ya umarci almajirinsa ya mai da takobi kube a daren da aka kama shi. Masu yarda kuwa sukan kawo Luka sura 22, inda aka yi zancen sayen takobi, da Nehemiya sura 4, inda masu ginin ganuwar Urushalima suka yi aiki da makamai a hannu. Romawa sura 13 ta ƙara wani abu: ta danƙa takobi a hannun hukuma.

Malaman ikilisiya ma sun sha bamban. Agustin ya yarda soja ko alƙali ya yi amfani da ƙarfi bisa umarnin hukuma, amma ya ƙi yarda Kirista ya kashe wani don tsirar da ransa shi kaɗai. Toma Akwinas ya sassauta, ya ce kare kai ya halatta muddin niyyar mutum ita ce tsira, kuma ƙarfin bai wuce kima ba. A ƙasarmu, Ekklesiyar 'Yan'uwa a Nijeriya ta riƙe koyarwar salama ko bayan Boko Haram ta kame hedkwatarta a Kwarhi a 2014. Idan muka lura, sai mu ga yawancinsu sun haɗu a wuri guda: sun bambanta ramuwa da kāriya, sun kuma bambanta wanda ya naɗa kansa mai gadi da wanda jama'a da hukuma suka naɗa.

Matsayin Doka

Muhawarar ta fi zafi a Amurka, inda tsarin mulki ya ba ɗan ƙasa 'yancin riƙe makami. Masu goyon baya sukan ambaci abin da ya faru a wata majami'a a jihar Texas a watan Disamba na 2019, inda aka harbe maharin cikin 'yan daƙiƙoƙi. Abin da akan manta shi ne, wanda ya harbe shi ɗan ƙungiyar tsaron majami'ar ne, horarre, wanda shugabanni suka san da shi. A Nijeriya kuwa Dokar Makamai ta 1959 ta sa ƙaramar bindiga, wadda ita ce ake iya ɓoyewa a cikin riga, cikin jerin makaman da sai da lasisin Shugaban Ƙasa ake riƙe su. Bisa ga haka, Kiristan da ya ɓoye ta ba da izini ba ya saɓa wa hukumar da Romawa 13 ta umarce shi ya yi wa biyayya.

Darasin Zamfara

Mutanen wannan yanki sun ga abin da makami ke zama idan ba mai tsawata masa. 'Yan sa-kai sun tashi da niyyar kare ƙauyuka, amma kisan da wasunsu suka yi ba tare da shari'a ba ya ƙara wa wutar ramuwa itace. Wannan yana cikin abin da ya sa gwamnati ta ƙaddamar da Askarawan Zamfara a 2024, don tsaron sa-kai ya shiga ƙarƙashin doka. Ƙari ga haka, inda Kiristoci suke tsiraru, jita-jitar cewa akwai bindigogi a majami'a kaɗai ta isa ta ɓata amanar maƙwabtaka, alhali kuwa wannan amana ta fi kowane makami tsare su.

Kammalawa

A ganinmu, bangaskiyar Kirista ba ta hana kare raunana ba, domin makiyayin da ya bar wa kura garke bai cika aikinsa ba. Aibin yana cikin ɓoyewar, saboda tana fitar da makami daga idon dattawan ikilisiya da na doka, ta bar hukuncin rai da mutuwa a hannun mutum ɗaya mai jin tsoro. Don haka muna ba da shawara majami'u su nemi jami'an tsaro a ƙofa, su horar da masu lura da shiga da fita, su kuma ƙulla shawara da sarakuna da limaman masallatan unguwa, waɗanda su ma 'yan bindiga ba su bar su ba.