Ruwan pampo da dokar awo: abin da ya faru a Tibiri

Garin Tibiri, mazaunin Sarkin Gobir, ba shi da nisa da Maraɗi. A shekarar 1983 aka gina masa rijiyar foraj mai zurfi, a 1985 kuma aka fara ba jama'a ruwanta ta pampo. Mutane suka yi murna, don mata sun huta da jan guga. Ruwan garau yake, ba wari, ba ɗanɗanon da zai sa mutum ya yi shakka.

Bayan ƴan shekaru iyaye suka lura haƙoran yara suna rinewa, suna yin ja kamar na mai cin goro. Daga baya abin ya kai ga ƙashi. Ƙafafun waɗansu yara suka lanƙwashe, waɗansu suka kasa girma, waɗansu kuma tafiya ta gagare su. Da aka auna ruwan sai aka tarar da wani sinadari mai suna fuliyor ya yi yawa a cikinsa. Ƙungiyar Lafiya ta Duniya, OMS, ta ƙayyade kada ya wuce miligiram 1,5 cikin litar ɗaya. Na Tibiri ya ninka wannan sau uku har fiye. An yi kusan shekara 15 ana shan ruwan. Yara ɗaruruwa suka naƙasa, dubbai kuma haƙoransu suka lalace. A shekarar 2002 ƙungiyar kare haƙƙin ɗan Adam ta FIDH ta fitar da rahoto a kan wannan al'amari, duniya ta ji.

Ya kamata a fahimci yadda wannan sinadari yake. Ba ƙazanta ba ce da wani ya zuba. Daga duwatsun ƙarƙashin ƙasa yake narkewa ya shiga ruwa. Kaɗan daga cikinsa yana ƙarfafa haƙori, mai yawa kuwa yana taruwa cikin ƙashi sannu sannu, kuma yaron da ƙashinsa yake cikin girma shi ya fi cutuwa. A ƙasa mai zafi irin Nijar mutum yana shan ruwa da yawa, saboda haka abin da yake shiga jiki ya fi yawa. Ruwan zabel da ake zubawa cikin shato yana kashe ƙwayoyin cuta, amma ba ya taɓa fuliyor. Tafasa ruwa ma ba ta fitar da shi. Awo kaɗai ke nuna shi.

A nan ne nauyin mai kula da ruwa yake. Galibi ana auna ƙwazon shugaban ma'aikatar ruwa da abu biyu: pampo bai ƙafe ba, kuɗin faktir sun shiga. Su ne abin da ake gani, su ne kuma ake yi masa faɗa a kansu. Awon ruwa kuwa yana cin kuɗi, yana bukatar mota da kwalabe da ma'aikaci, kuma ba wanda zai zo ofis ya yi ƙara don ba a yi shi ba. Shi ya sa doka ta mai da shi tilas, ba ta bar shi ga son ran shugaba ba.

Tsarin ruwan birane ya sake tun bayan wancan lokaci. A shekarar 2000 aka kafa SPEN, wadda aka danƙa wa rijiyoyi da shato da manyan bututu. Daga 2001 kamfanin SEEN ya riƙe aikin rarraba ruwa da sayar da shi, har ƙarshen 2023, sa'an nan a 2024 aikin ya koma hannun kamfanin ƙasa NDE. A shekarar 2010 aka kafa babbar dokar ruwa, wadda ta ɗora wa duk mai ba jama'a ruwan sha alhakin tabbatar da ingancinsa. Wannan ya shafi babban kamfani, ya kuma shafi ɗan kasuwar da magajin gari ya ba kwangilar ƙaramin shato a ƙauye.

Awon iri biyu ne, kuma a nan ake yawan ruɗewa. Akwai na ƙwayoyin cuta, wanda ake maimaitawa a kai a kai. Akwai kuma na sinadarai, wanda ake yi kafin a buɗe sabuwar rijiya, a kuma sake shi lokaci lokaci, don ruwan ƙarƙashin ƙasa yana iya sakewa idan an daɗe ana jansa. Shugaban da ya yi na fari ya bar na biyu bai sauke nauyinsa ba. Idan kuma sakamako ya fito da abin tsoro, ajiye takardar cikin durowa laifi ne da ya fi rashin awon muni. Sai ya sanar da na gaba da shi da ma'aikatan lafiya nan take, a rufe rijiyar ko a gauraya ruwanta da na wata mai ƙarancin sinadarin.

Magajin gari ko ɗan majalisar gari da ya kai ziyara wurin shato yana iya neman a nuna masa takardar awo ta ƙarshe. Ya duba sunan rijiyar, ya duba kwanan wata, sa'an nan ya nemi layin fuliyor ya ga ko adadin da aka rubuta ya wuce 1,5.