Ɗaukar Hoton Halittun Kududdufi da Tafkin Lambu

Kududdufi da ƙaramin tafkin lambu suna tara halittu iri-iri a ɗan fili kaɗan, shi ya sa suka dace da mai koyon ɗaukar hoto. Da saukar damina kwaɗi kan taru su yi ƙwai, talibambam su cika bakin ruwa, mazari ya riƙa shawagi a kan bado da kainuwa, balbela da zalɓe kuma su sauko kiwo. Abin da aikin ya fi buƙata shi ne sanin ɗabi'ar waɗannan halittu da halin haske a kan ruwa. Tsadar kyamara daga baya take zuwa.

Wayar hannu ta isa a fara da ita, musamman idan an maƙala mata ɗan gilashin makro mai fito da ƙananan abubuwa. Gara a matsa kusa da a zuƙo hoto da yatsa, domin zuƙowar yatsa tana dusashe shi. Mai babbar kyamara zai buƙaci gilashi mai milimita 300 ko fiye don tsuntsaye, da na makro mai kimanin milimita 100 don ƙwari da kwaɗi.

Hasken sassafe da na bayan la'asar sun fi kyau. Da rana tsaka ruwa yakan yi ƙyalli, inuwa ta yi duhu, launi ya kwanta. Matatar haske da ake kira folaraiza tana rage wannan ƙyalli har a hango abin da ke cikin ruwa, kuma ta fi aiki idan an kalli ruwan a karkace, wajen digiri 37 daga fuskarsa. Wanda ba shi da ita yana iya inuwantar da wurin da laima.

Mazari ne ya fi dacewa da gwajin farko. Jikinsa da zafin rana yake ɗumama, don haka da asuba yakan lafe a kan kara, raɓa a fukafukansa, ba ya saurin tashi. Idan rana ta ɗaga, namijin yakan zaɓi tsinke guda yana tsaron yankinsa, ya tashi ya kori abokin gaba, ya dawo kan tsinken nan. Maimakon a bi shi da gudu, sai a saita kyamara a kan tsinken a jira. Ɗan mazari kuwa a cikin ruwa yake girma na tsawon watanni, sannan ya hau karan ciyawa da dare ko da asuba, bayansa ya tsage, ya fito ya bar busasshiyar saɓa a manne. Ganin saɓar alama ce cewa gobe ma ana iya dacewa a wurin.

Hoton kwaɗo ya fi armashi idan an sauke kyamara daidai da idonsa, ko da za a kwanta rub da ciki a kan tabarma. Daga sama bayansa kawai ake gani. A ido ake saita hoto, domin idan ido ya fito tangaram, dusashewar sauran jiki ba ta ɓata komai. A taho a hankali, kada inuwar mutum ta faɗa kansa. Tsuntsaye kuwa sun fi tsoro, sai a sa tufa mai duhun launi, a zauna a gindin bishiya har su saba.

Wajen saiti, ƙiftawar kyamara ta 1/250 na daƙiƙa ta isa ga abin da ke zaune, mai tashi kuma yana buƙatar 1/1000 ko fiye. Ƙofar haske ta f/8 zuwa f/11 tana sa yawancin jikin ƙwaro ya fito sarai. Idan haske ya yi ƙaranci a ƙara ISO, wato saitin ƙarfin karɓar haske na kyamara, don ɗan tsakin hoto ya fi rawar hannu sauƙi.

Akwai hattara da ya kamata a yi. Ruwan kwance yana iya ɗauke da tsargiya, wadda ƙwayarta ke fitowa daga ƙananan katantanwa ta shiga ta fata, saboda haka a sa takalmin roba kuma a guji shiga ruwa. A lura da maciji da santsin laka, a rataya igiyar kyamara a wuya. Kada a kama halitta ko a taɓa ƙwanta don hoto, kuma a nemi izinin mai lambu kafin a shiga.

Daga ƙarshe, a riƙa rubuta rana da wuri da lokacin kowane hoto. Manhajar iNaturalist, wadda aka fara a 2008, tana taimakawa wajen gano sunan halitta, kuma masu bincike suna amfani da hotunan da aka ɗora a kanta wajen sanin inda kowane jinsi yake.